Bazarar da hancin Goggo ya daina aiki

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina aji uku, bayan rasuwar mahaifiyata, kuma da na yi aure ban yarda na bar ta ita kaɗai ba, na taho da ita. Muna zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, sai wani ɗan kicin wanda in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya tsaya a karkace. Tagar kicin ɗin yamma take kallo. Da bazara, daga azahar zuwa la'asar, in ka dafa bangon sai ka janye hannunka.

Kafin ta ajiye aiki, shekara ashirin da shida ta yi tana girki a wata masana'antar ɗinka riguna. Mutum fiye da ɗari biyu take ciyarwa kullum da rana. Ba ta yi karatu mai nisa ba, ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba, amma Allah ya ba ta hanci. Tana daga bakin ƙofa za ta ce wa masu taya ta aiki, “Shinkafar can ta kusa kamawa, a rage wuta.” An taɓa kawo nama jawur da shi, kowa ya ce lafiyarsa ƙalau, ita kuwa ta sunkuya sau ɗaya ta ce a mayar. Manaja ya yi ta faɗa. Ta tuɓe rigar aikinta ta miƙa masa, ta ce to bismilla, ya dafa da kansa. Aka mayar da naman. Babu abin da take alfahari da shi a duniya kamar cewa a duk shekarun nan ba wanda cikinsa ya taɓa ɓaci saboda abincinta.

Matan benenmu sun san da haka. Da zafi ya shigo za ka ji ana ƙwanƙwasa mana ƙofa, mace riƙe da tukunya.

“Goggo, don Allah shinshina mini wannan, ta jiya ce.”

Sai ta ɗaga murfin kaɗan, ta lumshe ido. “Ki tafasa ta yanzu ku cinye kafin la'asar.” Ko kuma, “Zubar, kada ki ba ko kyanwa.” Ba a yi mata gardama.

Ni ban iya girki ba, kuma laifinta ne, don ba ta taɓa barina na riƙe ludayi ba. A kantin sayar da yadi nake aiki, daga safe har yamma. Maigidana gyaran firij yake yi, shi ya sa namu ne mafi lalacewa a unguwar. Kullum gobe zai duba shi. Goggo tana kiransa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. 'Yarmu ɗaya, shekararta shida a lokacin. An haife ta 'yar mitsitsiya, Goggo ta kalle ta a cikin zane ta ce, “Wannan ai ɗigo ce.” Sunan ya bi ta har makaranta.

Ɗigo ba ta son cin abinci, balle da zafi. Saboda ita Goggo ta fi baje fasaharta a bazara. Da sassafe, kafin rana ta hau bango, take soya kifi ta dafa shinkafa fara, ta juye a faffaɗan faranti ta bari ta huce. In yarinyar ta dawo daga makaranta sai ta yanka tumatir da albasa da kokwamba ƙanana ƙanana, ta matsa lemon tsami, ta barbaɗa gishiri, ta ɗiga mai, ta cire wa kifin ƙaya ta marmasa a kai. Wannan ne abincin da Ɗigo take cinyewa har ta lashe yatsu. Wata rana dankali ne dafaffe da ƙwai. Kankana kuwa ba ta yarda a sa ta a firij ba, sai ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tawul ta ajiye inda iska ke shigowa, ta ce sanyin firij yana kashe mata zaƙi. Injiniya ya sha yi mata bayanin cewa ba haka ba ne. Takan ce, “Ka gyara naka tukuna, sannan mu yi magana.”

A farkon zafin shekarar nan da nake ba da labari, mura mai zazzaɓi ta kama Goggo. Kwana biyar ta yi a kwance. Ta warke, ta miƙe, ta koma kicin, muka ce alhamdu lillahi. Ba mu san ta tashi da wani abu ba.

Abin da na fara lura da shi, albasa ce ta ƙone. Na shigo da yamma, tun daga matakala nake jin ƙauri. Na same ta tsaye a gaban murhu, ta ba kaskon baya tana wanke tumatir, hayaƙi yana tashi a bayanta.

“Goggo, albasa!”

Ta juya a firgice, ta sauke kaskon. Ta daɗe tana kallon baƙar albasar. Sannan ta ce, “Tunani na tafi.” Tun da nake ban taɓa ganin abu ya ƙone a hannunta ba, amma na ce kowa yana da ranarsa.

Daga nan sai ta fara zubar da abinci. Matar da ba ta yarda a bar ƙwayar shinkafa a faranti ba, ita ce nake buɗe kwandon shara na ga rabin tukunyar miya da aka yi da safe. Na tambaye ta, ta ce ba ta yi mata ba. Madara da aka sayo yau, gobe babu ita. Abin da ba ta zubar ba kuma sai ta yi ta tafasa shi, sau biyu, sau uku, har wake ya koma kamar an kirɓa shi. Gishiri wata rana ya yi yawa, wata rana babu ko alama. Injiniya yakan ci a haka, ya sha ruwa kofi biyu.

Wata Asabar na fito daga wanka na same ta durƙushe a gaban tukunyar gas, da kwanon ruwan sabulu a gefenta. Tana shafa kumfar a jikin tiyo da yatsa, tana kai idonta kusa kusa.

“Me ya faru? Yana yoyo ne?”

“A'a. Dubawa nake.”

“Ai da yana yoyo da tun daga ɗaki kin ji.”

Ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa. Kafin azahar sau huɗu na ƙirga ta shiga kicin ta murɗa makunnin murhu, alhali a kashe yake. A kwanakin nan ne kuma ta hana a rufe tagar kicin ko da ana iska, ta ɗaure ta da igiya a buɗe.

Sai maƙwabciyarmu ta ƙasa, matar direba, ta hawo da tukunyarta kamar yadda ta saba. Goggo ta buɗe ƙofa, ta kalli tukunyar kamar an kawo mata maciji.

“Ke ba ki da hanci ne? Kullum ni, kullum ni! Ku ƙyale ni haka nan.”

Ta rufe ƙofar. Matar ta sauka da tukunyarta. Na leƙa ɗaki daga baya, na ga Goggo zaune a bakin gado, hannuwanta biyu a tsakanin gwiwoyi.

A nan ne tsoro ya shige ni, domin na san wani abu. Kakata, mahaifiyar su Goggo, da haka ta fara. Ta riƙa duba ƙofa sau goma, tana zargin mutane, tana ɓoye cokula a ƙarƙashin katifa. Kafin ta rasu ba ta gane ko 'ya'yanta. Ina ƙarama a lokacin, amma ban manta ranar da ta kalli mahaifina ta tambaye shi wa yake nema ba.

Na faɗa wa Injiniya a kan matakala, inda ba za ta ji ba.

“Ina jin abin Kaka ne ya fara kama ta.”

Ya ce, “Kada ki yi saurin faɗa. Ko zafi ne. Ni ma da rana kaina ba ya aiki.”

“Kai kullum naka ba ya aiki. Da gaske nake. Ita kaɗai ke gida da Ɗigo daga ƙarfe ɗaya har shida. Ga wuta, ga wuƙa, ga bene.”

“To ki tambaye ta mana.”

Na kasa. Ta yaya zan dubi matar da ta goye ni na ce mata, Goggo, ko hankalinki ya fara tafiya? Sai na koma gwada ta a fakaice. Na tambaye ta yau wace rana, ta faɗa daidai. Na tambaye ta sunan wata da suka yi aiki tare shekara talatin da suka wuce, ta faɗa har da sunan mijinta da unguwarsu. Ta harare ni ta ce, “Ke kuma yau jarrabawa kike yi mini?” Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A kanti kuwa ina auna yadi hankalina yana gida. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai na ɗauka daga gida ne. Sau biyu na yanka wa mai saye ƙasa da abin da ya ce.

Ɗigo ce ta kusa tona asirin, ni ce ban gane ba. Ta ce mini, “Mama, ni da Goggo muna wasan hanci. Tana rufe mini ido, ta ba ni abu na shinshina, na faɗi ko daɗi ko wari. Kullum ni nake cinyewa.” Na shafa kanta na ce madalla.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, a tsakiyar zafi, irin ranar da kwalta take laushi a ƙarƙashin takalmi. An ɗauke wuta tun ƙarfe tara na safe. Wajen huɗu da rabi wayata ta yi ƙara. Goggo ce, amma da ƙyar na gane muryar.

“Ki zo. Ki zo yanzu. Ɗigo ce.”

“Me ya same ta?”

“Amai. Ya ƙi tsayawa. Ki zo, 'yar nan, don Allah.”

Na bar almakashi a kan yadi na fita. Ban san yadda na tsallaka titi ba. Da na hawo matakala na tarar da ƙofarmu a buɗe, Ɗigo kwance a kan tabarma a falo, leɓunanta sun bushe, idanunta sun faɗa ciki, jikinta sharkaf da gumi mai sanyi. Ta yi amai sau bakwai, ga gudawa. Na kira sunanta, ta buɗe ido kaɗan ta mayar. Goggo tana durƙushe a kanta tana yi mata fifita da murfin kwali.

Matar direba, wadda Goggo ta kora kwanaki, ita ta fara hawowa. Ba ta tsaya tambaya ba, ta ruga ta taso mijinta da ke hutawa, ya fito da motarsa. Na rungumi yarinyar muka sauka. A cikin mota kanta yana lilo a kafaɗata kamar ba ƙashi a wuyan. Nakan sa yatsa a ƙarƙashin hancinta na ji ko tana numfashi. A kowace mahaɗa sai mun tsaya, direban yana danna oda yana leƙa kai waje yana roƙon a ba mu hanya. Goggo tana gaba, da takalmi wari da wari a ƙafarta.

A asibiti aka karɓe ta da sauri. Ma'aikaciyar jinya ta nemi jijiya a hannun dama ta rasa, ta koma hagu ta rasa, sai a karo na uku ta samu. Ɗigo ba ta ko yi kuka ba, kuma rashin kukan nan ya fi komai tayar mini da hankali. Aka rataya ledar ƙarin ruwa. Likitan, wata mace mai gilashi, ta juyo gare mu.

“Me ta ci yau?”

Na kalli Goggo. Ita ta amsa.

“Shinkafa da kifi. Da tumatir da kokwamba.”

“Yaushe aka dafa?”

“Shinkafar da safe. Kifin... kifin na jiya ne. Yana cikin firij.”

“Da wuta a gidan?”

“An ɗauke tun safe.”

“Bai canja wari ba?”

Likitan tana jira, biro a hannu. Ni kuwa har na fara cewa ai Goggo ba za ta taɓa ba da abin da ya lalace ba, sai na ji ita Goggon ta ce, a hankali, “Ban sani ba.”

Likitan ta rubuta wani abu ta koma kan yarinyar. Aka ce mu jira a waje.

Muka zauna a kan benci a baranda. Rana ta yi ƙasa amma zafin yana nan, fankar sama tana juyawa a banza. Goggo ta kama gefen mayafinta tana murɗawa.

“Ba na jin komai,” ta ce. “Tun murar nan. Wata biyu ke nan. Ba ƙanshi, ba wari. Na sa hancina a cikin kwalbar kananzir, kamar ruwa. Na daka tafarnuwa na shafa a leɓena, babu. Abinci a bakina kamar ina tauna tsumma, gishiri da tsami kawai nake ɗan ganewa.”

Na juya gaba ɗaya ina kallonta.

“Kullum in na buɗe tukunya sai tsoro ya kama ni. Na duba launi, na taɓa na ji ko ya yi yauƙi, na kasa kunne ko yana tsuwa. In na yi shakka na zubar. Yarinyar nan nake sa wa ta shinshina mini, ina ce mata wasa ne. Yau ta dawo da yunwa tana kuka, ta ce kifi take so. Na ba ta ta shinshina, ta ce daɗi. Yarinya mai jin yunwa ai komai daɗi za ta ce. Na sani. Na sani, amma na ba ta.”

“Goggo, me ya hana ki faɗa mini?”

“In faɗa miki me? Ban haifa ba, ban tara komai ba. Abu ɗaya na iya a duniya. In kuka san ya tafi, sai ku zaunar da ni a ɗaki kuna miƙo mini faranti.” Ta share fuska da bayan hannu. “Yanzu ga shi na kashe miki 'ya.”

“Kada ki ƙara faɗin haka!” Muryata ta fita da ƙarfi har wani mai shara ya waiwayo. Fushi nake ji, da tausayi, da wani abu kuma da na ji kunyarsa: sauƙi. Ashe ba hankalinta ba ne. Na ce mata, “Ni na ɗauka irin ciwon Kaka ne ya kama ki.”

Ta dube ni da jajayen idanu. “Shi ya sa kike tambayata ranaku?”

Injiniya ya iso da kayan aiki a jikinsa, hannunsa duk baƙin mai. Da ya ji bayani sai ya jingina da bango ya rufe fuska. Ya ce robar ƙofar firij ɗin ta daɗe da saki, ba ta riƙe sanyi ko na awa ɗaya in an ɗauke wuta, kuma sabuwar tana cikin jakarsa tun wata uku. Kowa a cikinmu ya sami nasa kason laifin ya riƙe.

Leda ta farko ta ƙare aka sa ta biyu. Kafin magariba ma'aikaciyar jinyar ta leƙo ta ce uwar ta shigo. Na shiga. Ɗigo ta buɗe ido, ta motsa leɓe. Na kai kunnena.

“Mama, ƙishirwa.”

Kwana biyu muka yi a asibitin. Da za a sallame mu na tambayi likitan ko kifin ne. Ta ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba shi ba; a makon nan kaɗai yara da yawa aka kawo da irin haka, wasu ruwa ne, wasu ƙanƙarar da suke saye a hanya, ba za ta iya rantsuwa a kan ɗaya ba. Na kawo wa Goggo wannan magana da ɗoki, ina tsammanin za ta sanyaya mata rai. Ta ce, “Kifin ne.” Har yau ba ta canja ba.

Da muka dawo gida ta ƙi shiga kicin. Ko ruwa za ta sha sai ta aiki wani. In Ɗigo ta kai wani abu baki, ko biskit ne, sai ta zabura ta ce, “Wa ya ba ki? Kawo uwarki ta gani.” In yarinyar ta yi barcin rana sai ta je ta tsaya a kanta tana kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ni na karɓi girkin, kuma Allah ya sani an sha wuya. Shinkafata ko ta caɓe ko ta yi tsakuwa. Ɗigo ta ƙi ci, ta ce ta Goggo take so. Goggo kanta ta rame, wuyanta ya fito, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Na ga in aka ci gaba a haka, wadda na ji tsoron rasawa ta wata hanya zan rasa ta ta wata.

Na kai ta wurin likitan hanci. Ya haska, ya ba ta kwalabe ta shinshina ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai. Ya ce yakan faru bayan irin wannan mura, wani ya dawo cikin watanni, wani ya dawo rabi, wani shi ke nan. Ya ce ta riƙa shinshina abubuwa masu ƙarfi safe da yamma, kamar ɓawon lemo da kanumfari, ko Allah zai sa. A hanyar dawowa ta ce, “Ni da tsufana an mayar da ni 'yar koyo.” Amma ta yi. Nakan gan ta a baranda da safe da ɓawon lemo a tafin hannu, tana ja da ƙarfi kamar mai fushi da shi.

Abin da ya dawo da ita kicin ba lallashina ba ne, ɓarnata ce. Wata Lahadi ina ƙoƙarin soya kifi, na jefa shi cikin mai tun bai yi zafi ba. Tana falo. Sai na ji ta daga can.

“Man nan bai yi ba.”

“Ya aka yi kika sani?”

“Ba ki ji ƙararsa ba? Kamar mai gunaguni. In ya yi, ihu yake yi.”

Na yi kamar ban ji ba, na sake jefa wani. Ban kai ga na uku ba ta bayyana a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

“Matsa. Kai, wannan yarinya, wa ya rene ki?”

“Ke.”

Ba ta karɓi cokalin ba. Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar, ta ce na tsame kifin na jira. Daga ranar muka raba aiki: hannu da ido da kunne nata, hanci nawa. Ta kafa dokoki, kuma ba ta sassauta ko ɗaya. Da zafi ba a dafa abin da zai kwana. Kifi da ƙwai da madara, in aka ɗauke wuta aka yi awa biyu, sun tashi daga abinci. Ta sa aka sayo mata alli, tana rubuta lokacin da ta sauke kowace tukunya a jikin murfin. Injiniya ya sa wa firij sabuwar roba a daren da muka dawo daga asibiti, ya kuma kafa wata 'yar na'ura a bangon kicin mai ƙara in gas ya yi yoyo. Goggo ba ta yarda da ita ba sai da ya gwada a gabanta sau biyu, kuma duk da haka ba ta daina shafa sabulu a tiyo ba.

Ta sauka da kanta ta ba matar direba haƙuri, ta faɗa mata gaskiya. Kafin sati ya zagayo duk benen ya ji. Matan suka daina kawo tukwane a shinshina, suka koma kawo tambaya: awa nawa wake yake yi, me ya sa miya take kumfa. Wannan ta iya amsawa ido a rufe.

Shekara uku ke nan. Hancin ya dawo kaɗan, kuma a karkace. Tana jin lemon tsami da sabulu. Albasa in tana soyuwa, wai warin ƙonanniyar roba take yi mata, sai ta ɗaura ƙyalle a fuska. Nama da kifi kuwa har yanzu shiru. Tsoron bai bar ta ba. In bazara ta kama takan rage magana, ta yawaita leƙa firij, kuma ba ta ƙara ba Ɗigo wani abu da rana in ba ni ko ubanta mun shinshina da safe mun ce ya yi ba. Wani lokaci ina kanti da tsakar rana sai ta kira ni.

“An ɗauke wuta ƙarfe sha ɗaya da kwata. Akwai sauran madara.”

“Goggo, yanzu sha biyu saura. Ba abin da ya same ta.”

“Na dai faɗa miki.”

“To na ji. Ki sha abinki.”

Sannan ta ce, “Zan dafa mata dankali kawai. In za ki taho ki biya ki sayo kokwamba, masu tauri, kada ki bari su haɗa ki da waɗanda suka kwana a rana.”